Dutsen Guga da Dutsen Wasawa: Tarihin Kayan Gyaran Tukwane

Masu binciken tarihin sana'o'i sun fi mai da hankali ga yadda a ke gina tukunya da yadda a ke toya ta. Kaɗan ne suka tsaya a kan aikin gyaran jikinta, watau guga da wasawa, alhali kuwa a nan ne a ke gane gwanin magini, a nan ne kuma amfanin tukunya ya ke tabbata ko ya ɓaci. Nufin wannan takarda shi ne ta bi sawun kayan da a ke yin aikin nan da su, tun daga tsakuwar rafi har zuwa duwatsun da a ke sarrafawa a masana'anta, don a ga dalilin da ya sa kowane zamani ya zaɓi nasa.

Ya kamata tun da fari a rarrabe abu biyu waɗanda a kan gauraya. Guga ita ce a danne fuskar yumɓu da wani abu mai santsi tun tukunya tana da sauran laima, har ƙwayoyin ƙasar su kwanta su haɗe, su ba da sheƙi. A nan ba a rage komi daga jikin tukunya. Wasawa kuwa ita ce a ci jikin abu da wani abin da ya fi shi tauri, kamar yadda maƙeri ke yi wa wuƙa. Ta fari tana bukatar santsi, ta biyu tana bukatar kaushi da tauri. Duk tarihin da ke biye a kan wannan bambanci ya ke tafiya.

Guga tun zamanin da

Ginin tukwane tsohuwar sana'a ce ƙwarai a Afirka ta Yamma. A Unjugu, cikin ƙasar Dogon ta Mali, an tono tsingaro wanda masana suka ƙiyasta shekarunsa tun wajen 9400 kafin haihuwar Annabi Isa. A ƙasar Nijeriya kuwa, masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da sifofin yumɓu kusa da ƙauyen Nok a 1928. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan mutum-mutumi da aka samu wajen Jama'a, shi kuwa ya lura iri ɗaya ne da na Nok. Binciken da masanan Jami'ar Goethe ta Frankfurt suka soma a 2005 ya nuna mutanen Nok suna gina tukwane tun wajen 1500 kafin Miladiyya, sifofin kuma sun biyo baya wajen 900.

Wanda ya dubi sifofin nan a yau zai ga jikinsu da kaushi, tsakuwa duk ta fito fili, sai ya zaci haka aka bar su. Amma a 'yan wuraren da ƙasa ba ta cinye ba, ana iske alamar cewa an shafe su da ruwan yumɓu mai laushi, aka goge har suka yi santsi. Daɗewa cikin ƙasa ne ya kware wannan fata. Ashe ke nan guga ta riga tangaran da samfefa shiga ƙasar nan da ƙarnuka masu yawa.

Kayan maginan ƙasar Hausa

Bayanin da W. E. Nicholson ya rubuta a 1929 a kan maginan Sakkwato, da tukwanen da Sylvia Leith-Ross ta tattara wa gidan tarihi na Jos, waɗanda aka buga littafin bayaninsu a 1970, suna cikin abin da ya adana labarin sana'ar nan. Kayan aikin magini ba su da yawa, kusan dukansu kuwa a gida ko a daji a ke samunsu. Akwai turmi da dutsen niƙa na daka tsohon tsingaro, wanda a ke gauraya garinsa da yumɓu don kada tukunya ta tsage a wuta. Akwai dundunge na bugun yumɓu har ya yi faɗi ya ɗauki siffa. Akwai sakaina ko guntun ƙarfe na kankare tudu da rage kauri. Daga nan sai kayan guga, watau tsakuwar rafi wadda ruwa ya riga ya lashe, da 'ya'yan kuka da a ke shirya wa a zare kamar tsakiya, a riƙa murza su a jikin tulu. Tsakuwa tana danna wuri ɗaya da ƙarfi, zaren 'ya'yan kuka kuwa yana bin lanƙwasar tukunya, yana game wuri mai faɗi da sauri.

Babban sirrin aikin yana ga lokaci. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. In yumɓu ya cika laima, dutse sai ya nutse ya bar rami. In ya bushe sarai, sai ya karce shi ya tā da gari. Sai an dace da sa'ad da ya yi tauri kamar ƙirgi, da sauran sanyi a jikinsa. Sau da yawa a kan shafa ruwan jar ƙasa kafin a goge, a wasu wurare kuma a shafa wata ƙasa mai ƙyalƙyali wadda ke sa tulu ya yi walƙiya kamar an barbaɗa masa zinariya. Wasu maginan su kan yayyafa wa tukunya makuba, watau ruwan ɓawon ɗorawa, tun tana da zafin wuta, don ta yi duhu ta rage tsatsafa.

Har wa yau magini ya kan duba aikin da tukunya za ta yi kafin ya goge ta. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda tsatsafar da ta ke yi ta 'yan ƙananan kafofin jikinta, iska tana busar da laimar, tana tafiya da zafi. Guga mai yawa tana toshe wasu daga cikin kafofin nan. Saboda haka abin da ke ado ga kaskon turare yana iya zama hasara ga randa.

Wasawa ba ta da babban matsayi cikin wannan tsari, gama wutar da a ke toya tukwanen gargajiya a fili, da kara da ciyawa da itace, ba ta cika wuce digiri 900 ba. Tukunyar da ta fito daga irin wannan wuta ba ta da taurin da zai gagari guntun tsingaro ko dutse mai kaushi, in an so a daidaita bakinta.

Abin da Abuja ta sake

A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani magini Bature mai suna Michael Cardew, wanda ya taɓa aiki a ƙasar da a yanzu a ke kira Gana, don ya duba yadda za a kyautata sana'ar tukwane. Ya zaɓi tsohuwar Abuja, wadda daga baya aka mai da sunanta Suleja, aka buɗe makarantar koyon ginin tukwane a can a 1952. A fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ne ya ga tulunan wata Bagwariya, Ladi Kwali, wadda ta shiga makarantar a 1954, ita ce kuwa mace ta fari a cikinta.

A Abuja aka shigo da faifan juyi, da tanderu mai kai zafi sama da digiri 1,200, da rufin gilashi wanda a ke haɗawa da garin dutse da toka da yumɓu. Wannan ya juya al'amarin gyaran tukunya gaba ɗaya. Sheƙin guga ba ya jure irin wannan wuta, ya kan dushe tun wajen digiri 1,000, saboda haka rufin gilashi ya karɓi aikin tsakuwa. Amma kuma sai wata sabuwar bukata ta taso. Tangaran ya kan fito daga tanderu da kaushi a gindi, wani lokaci gilashin ya zubo ya daskare da kaifi kamar aska, taurinsa kuwa ya fi na wuƙa. Dole a nemi abin da zai ci shi.

Tulunan da Ladi Kwali ta gina da hannu aka toya su ta sabuwar hanya sun yi suna, an nuna su a London a 1958 da 1959 da 1962. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, hotonta kuma yana bayan takardar Naira 20. Duk da haka tulunan nan sun yi nauyi, ba su kuma tsatsafa, don haka suka koma kayan ado, randar gargajiya ta ci gaba da shayar da mutane.

Duwatsun masana'anta

Ƙa'idar zaɓen abin wasawa ɗaya ce, sai mai tauri ya ke cin marar tauri. Wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya jera duwatsu bisa ga taurinsu a 1812, daga 1 zuwa 10. Ƙarfen wuƙa da gilashi suna wajen 5 da rabi, dutsen ƙanƙara wanda shi ne yawancin yashi yana 7, korandam yana 9, daimon yana 10. Tangaran mai ƙwari yana tsakanin 6 da 7, shi ya sa magagari ke dakushewa a kansa, yashi kuma ke cinsa da ƙyar.

Tun zamanin Girkawan da ana haƙo wani baƙin dutse mai korandam a tsibirin Naksos don wasawa. A 1891 Edward Acheson na Amurka ya ƙona yumɓu da garin gawayin kwal da wutar lantarki yana neman yin daimon, sai ya sami wani abu dabam wanda ya ɗara korandam tauri, ya sa masa suna Carborundum. A 1921 kamfanin 3M ya fito da samfefa wadda ruwa ba ya ɓata ta. A 1954 kamfanin General Electric ya yi nasarar sarrafa daimon, abin da a hankali ya kawo faifan daimon hannun ƙananan masu sana'a. Lambar da a ke rubuta wa a bayan samfefa tana nuna girman ƙwayarta. Ƙaramar lamba kamar 60 ko 80 ta cin tudu ce, 120 zuwa 220 ta daidaitawa, 400 zuwa sama ta sa santsi. Wanda ya tsallake mataki zai bar karce wanda na gaba ba zai shafe ba.

Haɗarin ƙura

Sabbin kayan nan suna tafe da haɗari wanda tsakuwar rafi ba ta da shi. Ƙurar da ke tashi in an wasa busasshen yumɓu ko tangaran tana ɗauke da garin ƙanƙara mai laushin gaske, wanda ke maƙalewa a huhu ya taurare shi, cutar kuwa ba ta warkewa. Ta hallaka maginan Staffordshire na Ingila da yawa, har Thomas Benson ya yi rajistar dabarar niƙa ƙanƙara cikin ruwa a 1726 don a kashe ƙurar. Maganin bai sake ba har yau, watau a yi wasawa da ruwa, a share wurin aiki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya.

Kammalawa

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, wuta ce ke zaɓa wa magini kayan gyaransa. Tukunyar da za a toya a fili tsakuwa da 'ya'yan kuka ta ke bukata, kafin ta shiga wuta. Wadda za ta shiga tanderu kuwa Carborundum ko daimon ta ke bukata, bayan ta fito. Na biyun suna nan a kasuwa, an kuma rubuta bayaninsu cikin littattafai. Sanin lokacin guga kuwa a yatsun magina ya ke, su kuma suna raguwa tun da roba da sanholo suka cika kasuwa. Wajibi ne ɗaliban nazarin Hausa su je unguwannin magina su rubuta sunayen kayan nan da yadda a ke riƙe su, tun da sauran masu iya nunawa.