Su Wa Suka Karantar Da 'Ya'yan Sabo?

Wanda duk ya tsaya bakin layi a nan Sabo da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe zai ga yara iri uku. Ga masu yunifom kala-kala suna sauri kada a rufe musu ƙofa, ga masu allo a hammata, ga kuma waɗanda ba su da ko ɗaya, sai farantin talla a ka ko robar bara a hannu. Mun saba ganin haka har ya daina damunmu. Amma wannan rabuwa tana da tarihi, kuma idan muka bi shi za mu ga cewa a yawancin shekarun da muka yi a Badun, ba gwamnati ce ta riƙe karatun yaranmu ba. Mutane ne da ƙungiyoyi, kowa da niyyarsa, kowa kuma da wanda ya bari a waje.

An kafa Sabo a 1916, lokacin da aka tattara Hausawan da ke zaune cikin gari aka ba su wannan wuri. Kakanninmu goro da shanu suka kawo su. Maigida shi ne komai: shi ke saukar da baƙo, shi ke tsaya masa a ciniki, shi ke lamunce bashi. Shi ne kuma ya fara ɗaukar nauyin ilimi a unguwar nan, ko da yake ba wanda ya kira abin da wannan suna. Yakan ba malami ɗaki ko zaure, ya ciyar da shi, ya yi masa ɗinkin Sallah, malam kuma ya tara yara ya koya musu daga Fatiha har inda Allah ya nufa. Kuɗin Laraba ba shi da ƙayyadadden adadi, kuma ba a korar yaro don ubansa bai aiko ba. Ɗan mai gida da ɗan ɗan dako tabarma ɗaya suke zama. A wannan fanni dai makarantar allo ta fi duk makarantun da suka zo bayanta adalci, kuma ya kamata mu faɗi haka.

To amma a daidai lokacin, garin da muke ciki ya riga ya ɗauki wata hanya. Tun shekarun 1850 mishan David Hinderer ya zauna a Kudeti, makarantun coci suka yi ta yaɗuwa, har aka buɗe Ibadan Grammar School a 1913, shekara uku kafin a kafa Sabo. Waɗannan ma ba na gwamnati ba ne, na mishan ne, sai dai ta riƙa ba su tallafi. Kuma ƙofarsu tana da sharaɗi. Yaro Musulmi ya shiga, ya koyi addu'ar coci, wani ma ya fito da sabon suna. Kakanninmu suka ce a'a. Ba jahilci ne ya sa su ba, sun ga abin da idonsu.

Abin lura shi ne yadda maƙwabtanmu Yarabawa Musulmi suka yi da wannan tsoro ɗaya. Su ma sun ji shi, amma sai suka haɗa kuɗi suka gina nasu. Ƙungiyar Ansar-ud-Deen ta kafu a Legas a 1923 da wannan manufa, cewa ɗan Musulmi ya yi boko bai bar addininsa ba. Nawair-ud-Deen ta biyo baya a Abeokuta a 1939. A nan Badun aka buɗe Islamic High School ta Orita Basorun a 1957. Wadda ta fi tsaya mana a rai ita ce Alhaja Humuani Alaga, 'yar kasuwa mai sayar da atamfa wadda ita kanta ba ta yi boko ba. Ta tara mata 'yan'uwanta a ƙungiyar Isabatudeen, suka buɗe wa 'yan mata Musulmi sakandare a 1964. Mace, 'yar kasuwa, a gari ɗaya da mu. A ɓangaren Larabci ma haka: Shehu Adamu Abdullahi al-Iluri ya kafa Markaz a 1952, daga baya ya mayar da ita Agege, ya sa benci da aji da jarrabawa a karatun addini.

Mu fa a lokacin? Kuɗi dai akwai, domin goron da ke tafiya Arewa da shanun da ke saukowa ta hannunmu suke bi. Abin da babu shi ne buƙata, ko kuma ganin buƙatar. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kanmu a 1969, kuma cikin abin da ya lura da shi har da yadda mutanen unguwar suka yi nesa da makarantar boko. Hankalin Sabo a lokacin yana kan ciniki da ɗariƙar Tijjaniyya, wadda ta kankama a shekarun 1950. Yaro zai gaji sana'ar ubansa, kuma sana'ar ba ta tambayar takarda. Har lokacin da gwamnatin Awolowo ta buɗe firamare kyauta a Jihar Yamma a watan Janairun 1955, ba mu rububa ba. Ana kuma koyarwa da Yarabanci a ƙananan azuzuwa, yaron da ya tashi da Hausa a gida sai ya zauna kamar kurma.

Daga nan gwamnati ta shigo da ƙarfinta. A shekarun 1970 ta karɓe makarantun mishan da na ƙungiyoyi. A 1976 aka fara shirin UPE na firamare ga kowa, sannan daga 1979 zuwa 1983 Bola Ige ya yi ilimi kyauta a Oyo. Da yawa daga cikin 'yan Sabo na farko da suka zama malamai, ma'aikatan jinya da akawu, wannan zamani ne ya fitar da su. Bai daɗe ba. Kuɗin mai ya faɗi, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, albashin malamai ya riƙa makalewa, yajin aiki ya zama ruwan dare, rufin azuzuwa ya yaye ba mai gyarawa.

Cikin wannan giɓi ne ƙananan makarantun kuɗi suka tsiro, irin waɗanda yanzu kusan kowane layi yake da guda. Ɗaki uku a gidan haya, allon katako tsakanin aji da aji, mai makaranta ita ce shugaba ita ce mai karɓar kuɗi. Ba a nan kaɗai ba ne. Ƙidayar da aka yi a Legas a 2010 zuwa 2011 ta samu makarantu masu zaman kansu sama da 12,000, kuma fiye da rabin ɗaliban jihar a cikinsu suke. Wani Baturen Ingila, James Tooley, ya bi irinsu a Makoko ya nuna cewa talakawa ne ke biya, ba masu hali ba. Mu ma a ƙarshe mun shiga, da Islamiyyoyin da suka haɗa boko da addini. Su ne suka fi jawo 'yan matanmu cikin aji, don uba ya fi sakin jiki idan ya san malamin kuma yarinya za ta tafi da hijabinta. Wato abin da Alhaja Humuani ta yi, mun zo gare shi bayan shekara talatin ko fiye.

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Da yawansu ba su da rajista. Malamin da ake biya abin da bai kai kuɗin motarsa ba, ba zai wuce zango biyu ba. Kuma ranar da aka ce "a koro masu bashi", waɗanda ke dawowa gida da hantsi kullum su ne dai: marayu, 'ya'yan zawarawa, 'ya'yan masu dako da masu turin baro. Makarantar kuɗi, komai arharta, tana tsayawa ne inda aljihu ya tsaya. Dokar UBE ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne, gwamnatin Oyo ma ta soke kuɗin Naira 3,000 da ake biya a sakandarenta a 2019, amma yunifom da takalmi da littafin rubutu har yanzu daga gida suke fitowa.

Akwai kuma waɗanda ko cikin lissafin ba su shiga ba. Yaran da ake saukewa daga manyan motoci a Ojoo da Shasha da karar Akinyele, waɗansu tare da iyayen da rashin tsaro ya koro daga Zamfara ko Katsina, waɗansu tare da malami kawai. Ba su da takardar haihuwa, ba su jin Yarabanci, ba su da wanda zai tsaya musu a ofishin hedimasta. A da, irin wannan baƙo gidan maigida yake sauka, ɗansa kuma ya zauna tabarmar malam a ranar, ba wanda ya tambaye shi sisi. Yanzu zaurukan yawancinsu an mayar da su shaguna.