Wa ke riƙe da makunni? Tarihin sauraro a ƙasar Damagaram

1. Gabatarwa

A cikin wannan takarda muna so mu duba tarihin jin labari a Damagaram ta fuskar tambaya guda: idan murya ta shigo gidan mutum, wa ke da ikon kunna ta, da canza ta, da kashe ta? Ra'ayinmu shi ne, 'yancin mai sauraro ya fi dogara ga wurin da makunnin yake bisa ga yawan tashoshi ko kyawun na'ura.

2. Zamanin shela

A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, wanda kuma ya kewaye Birni da garu, maganar hukuma tana fitowa daga fada ne ta bakin sanƙira, da tambari da kakaki. Talaka ba ya zaɓen lokacin shela, ba ya kuma iya rufe ta. Amma akwai hanya ta biyu. Ayarin da ke sauka a Zango daga Tarabulus, da fataken Kano da Kukawa, suna zuwa da labaransu da wasiƙunsu. Wato tun can mutumin Damagaram ya saba gwada abin da fada ta ce da abin da baƙo ya kawo. Nasara sun ci garin a 1899, suka mayar da shi hedikwatar ƙasa daga 1911 zuwa 1926, amma wayar tangaraho da suka shimfiɗa ta ofis ce, ba ta shiga gidajen mutane ba.

3. Daga lasifika zuwa akwatin hannu

Misalin Kano yana taimaka mana a nan. A 1944 Ingilishi suka kakkafa lasifikoki a wuraren taruwar jama'a, aka haɗa su da waya zuwa tasha guda. Irin wannan akwati ba shi da abin neman tasha. Shela ce ta shiga ƙarfe.

A Nijar an buɗe gidan rediyon ƙasa a 1958, wanda ya koma Muryar Sahel a 1974. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, inda ake tara mutanen gari su saurara tare, su yi muhawara, a ɗauki muryoyinsu a aika Yamai. Manomi ya sami bakin magana, amma a Yamai ake zaɓen batu, a can kuma ake tace abin da zai fita.

Abin da ya sauya al'amari shi ne ƙaramar rediyo mai aiki da pil, mai kama gajeren zango. BBC ta fara Hausa a 1957, Rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, Muryar Jamus ta fara Hausa a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979. A lokacin jam'iyya ɗaya, bayan haramta Sawaba a 1959, da lokacin mulkin soja daga 1974, mai shago a kasuwar Dole yana iya murɗa ɗan maɓalli ya ji wata murya. Dalilin na kimiyya ne: igiyar gajeren zango tana dukan sararin sama ta dawo ƙasa a nesa da dubban kilomita, saboda haka injin watsawa yana wajen iyaka, inda hannun hukuma bai kai ba. Kaset ya ƙara wannan iko, domin mutum yana zaɓen wa'azi ko waƙar da yake so, ya kwafa, ya ba maƙwabci, har ya ɗauki muryarsa ya aika wa ɗan'uwa da ke ci-rani.

4. Zamanin FM da salula

Bayan Taron Ƙasa na 1991 aka buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu, irin su Anfani wadda ta buɗe reshe a Zinder. A cikin shekarun 1990 ne kuma fadojin samari suka yawaita a garin, suna shan shayi, suna aika gaisuwa ta rediyo. Abin lura ne cewa sunan majalisar sarki suka ara wa tabarmar bakin titi.

Sai dai FM, duk da tsabtar muryarta, ba ta da nisan zango. Dole injinta ya zauna cikin ƙasa, da lasisin hukuma. Da tashoshin waje suka koma bi ta FM, makunni ya koma inda ya fito. Sojoji sun rufe Anfani ta Yamai a 1996. An dakatar da RFI a 2007 da 2008 ƙarƙashin gwamnatin farar hula, aka sake dakatar da ita a Agustan 2023 ƙarƙashin ta soja, sannan aka dakatar da BBC wata uku a Disamban 2024. Wasiƙa guda zuwa ga masu tashoshi ta isa.

Haka salula take. Tana ba mutum ikon kaset da na rediyo a tafin hannu, amma layinta yana da rajista da sunansa, kuma kamfanoni ƙalilan ne ke riƙe da hanyar. A Fabrairun 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an yanke intanet ta salula kusan kwana 10.

5. Kammalawa

Abin da wannan tarihi ya nuna mana shi ne, na'urar da ta fi daɗin aiki ba lallai ita ce ta fi ba mai ita iko ba. Tsohuwar rediyo mai shuu ta fi wuyar rufewa bisa ga wayar zamani. Saboda haka muna ba ɗalibai masu bincike shawara su riƙa yi wa kowace na'ura tambayoyi uku: ina injinta yake, wa ke ba ta izini, kuma mai ita yana iya gyara ta ko kwafe abin cikinta ba da yardar kowa ba? Masu gyaran rediyo da masu tura waƙoƙi cikin kati a kasuwannin Zinder sun san amsoshin a aikace, kuma ya kamata a je a ɗauki bayaninsu tun tsofaffin cikinsu suna raye.