Jirgin Ƙasa a Zamanin Tururi: Daga Ramukan Kwal na Ingila Zuwa Tashar Kano

Layin dogo ya girmi jirgin ƙasa da kusan shekara 200. Tun ƙarni na 17 masu haƙar kwal a kewayen Newcastle, arewa maso gabashin Ingila, suke shimfiɗa katako layi biyu daga bakin rami zuwa bakin kogin Tyne, doki na jan amalanke a kai. Doki ɗaya a kan dogo yakan ja kayan da dawakai da dama ba za su motsa a cikin taɓo ba. Daga baya ƙarfe ya maye gurbin katako, sai neman abin da ya fi doki ƙarfi, ba ya gajiya, ba ya cin hatsi.

Richard Trevithick ne ya fara samo shi. Ran 21 ga Fabrairu 1804, a masana'antar ƙarfe ta Penydarren da ke Wales, injinsa mai aiki da tururi ya ja tan 10 na ƙarfe da mutum 70 tafiyar mil tara da ɗoriya. Injin bai gaza ba, dogon ne ya gaza: ƙarfen zubi ne, nauyi ya yi ta farfasa shi. Sai wajen 1820, da aka iya yin dogo da ƙarfen ƙira mai juriya, sannan hanya ta buɗe.

Wanda ya ci gajiyar wannan shi ne George Stephenson, ɗan leburan mahaƙar kwal, wanda bai koyi karatu ba sai da ya kai shekara 18. Ran 27 ga Satumba 1825 ya tuƙa injinsa Locomotion a layin Stockton da Darlington. Don kwal aka gina layin, a kai shi bakin kogin Tees a loda wa jiragen ruwa. Fasinja kuwa ba a ɗauke su da wani muhimmanci ba, doki ne ya ci gaba da jan taragonsu har 1833.

Layin da ya sauya duniya shi ne na Liverpool zuwa Manchester. Audugar Amurka tana sauka a tashar ruwan Liverpool, masaƙu kuma suna Manchester, masu hanyoyin ruwan da ke tsakani suna tsawwala kuɗin dako yadda suka ga dama. 'Yan kasuwa suka haɗa jari don su huta da su. A Oktoban 1829 suka shirya gasa a Rainhill, da ladan fam 500, don a ga injin da zai iya aikin. Rocket, wanda Robert ɗan George Stephenson ya ƙera, shi ya lashe, yana gudun da ya kusa mil 30 a awa. Sirrinsa yana cikin tukunyar ruwansa. Maimakon bututu ɗaya babba, an ratsa ta da ƙananan bututun tagulla 25, zafin wuta na bi ta cikinsu, ruwa na tafasa da sauri. Tururin da ya gama tura fistin kuma sai a sake shi ta bututun hayaƙi, ya ja iska ya ƙara hura wutar. Kusan duk injin tururin jirgin ƙasa da ya biyo baya, har waɗanda kakanninmu suka ji kukansu a Zariya, a kan wannan dabara aka gina shi.

An buɗe layin ran 15 ga Satumba 1830, a gaban Firayim Minista Wellington, kuma ranar ba ta ƙare lafiya ba. Ɗan majalisar Liverpool, William Huskisson, ya sauko kan dogo don ya gaisa da shi, Rocket ya taho ya murƙushe masa ƙafa, ya rasu a daren. Duk da haka jama'a ba su ja da baya ba. An gina layi don auduga, sai ga mutane sun cika tarago: a 1831 kaɗai fasinja sun haura 400,000, kuɗinsu ya fi na kaya.

Ganin riba ya sa kowa ya rikice. A tsakiyar shekarun 1840 malamin makaranta da mai shago da bazawara duk sun zuba ajiyarsu a hannun jarin reluwe, har na layukan da ba su wuce takarda ba. George Hudson, wanda ake wa kirari da sarkin reluwe, ya riƙa biyan riba daga cikin uwar kuɗi, asirinsa ya tonu a 1849, gidaje da yawa suka talauce. Amma dogon da aka shimfiɗa bai tashi ba: zuwa 1850 Birtaniya tana da kimanin mil 6,000. Ya kamata a tuna da waɗanda suka yi aikin, leburori wajen 250,000 a lokacin da abin ya kai ƙololuwa, da diga da shebur da baro suka fasa duwatsu, kuma da yawa a cikin ramukan suka bar rayukansu.

Faɗin dogo ma sai da aka yi rigima a kansa. Stephenson ya bi na amalanken kwal, ƙafa huɗu da inci takwas da rabi, wani injiniya kuma, Isambard Brunel, ya zaɓi ƙafa bakwai. A Gloucester, inda biyun suka haɗu, sai an sauke kaya duka an sake lodi. Dokar 1846 ta ba Stephenson gaskiya. Lokaci ma, a da kowane gari da nasa, gwargwadon tsayuwar rana. Jirgi ya tilasta kowa bin agogon Landan. Har yau akwai wani agogo a Bristol mai hannun minti biyu, tsakaninsu minti goma, ɗaya na gari ɗaya na jirgi.

Daga nan sai yaɗuwa. Amurka ta fara a 1830, Beljiyam da Jamus a 1835, Indiya a 1853 tsakanin Bombay da Thane. A Afirka Masar ce ta farko, layin Iskandariya ya isa Alƙahira a 1856. A 1869 dogo ya haɗa gabashin Amurka da yammacinta.

A ƙasashen da aka mallaka, layi yakan miƙe ne daga inda albarka take zuwa bakin ruwa, kamar dai na ramukan kwal. Na Legas ya isa Ibadan a 1901. A Arewa, zamanin Gwamna Percy Girouard, aka fara layi daga Baro a bakin Kwara, da faɗin ƙafa uku da rabi, da gumin talakawan da aka ɗebo ta hannun sarakuna, galibi ba da son ransu ba. Dogo ya shiga Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. Turawa auduga suke hange, don ciyar da masaƙun nan na Manchester. Manomin Kano kuwa ya yi nasa lissafin: audugarsa tana da masu saye a gida, masaƙa da marina, gyaɗa kuma ta fi kawo kuɗi, in ma kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Fataken da suka saba da hanyar Gwanja, irin su Alhassan Ɗantata, suka shiga sayenta, buhuna suka fi ƙarfin tarago har aka riƙa jibge su a fili, abin da ya zama dalar gyaɗa. Ayarin raƙuman da ke zuwa Tarabulus ya yi ta raguwa, domin kayan da ke cin watanni a Sahara yanzu cikin 'yan kwanaki suke isa teku. Layi ya kai Jos saboda kuza, sannan ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, waɗannan biyun ƙasar gyaɗa ne.