Daga Zango Zuwa Tasha: Tarihin Jirgin Fasinja da Sauran Hanyoyin Tafiya a Arewacin Nijeriya

Gabatarwa

Manufar wannan lacca ita ce a bi diddigin yadda mutanen Arewacin Nijeriya suke tafiya daga wani gari zuwa wani, tun daga zamanin ayarin fatake har ya zuwa zamanin jirgin da ke tashi daga Rigasa ya nufi Idu. Tambayar da ake son amsawa guda ɗaya ce. A shekarar 1964 jiragen ƙasa na Nijeriya sun ɗauki fasinja fiye da miliyan 11, alhali jama'ar ƙasar a lokacin ba su kai sulusin yawansu na yau ba. To, yaya aka yi aka wayi gari yawancin garuruwan da dogo ya ratsa ba su san jirgi ba sai a bakin tsofaffi? Amsar tana da amfani ga ɗalibi mai nazarin tarihi, haka kuma ga ma'aikacin hukuma wanda wata rana takardar kasafin kuɗin sufuri za ta biyo ta teburinsa.

Tafiya kafin zuwan dogo

Kafin Turawa su ci ƙasar Hausa a 1903, ana auna nisan tafiya ne da yawan zango. Fatake sukan taru su yi ayari a ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba, da jakuna da takarkarai da 'yan alaro ɗauke da kaya. Masu zuwa Gwanja sayen goro sukan yi wata biyu ko uku a hanya kafin su isa Salaga, suna biyan fito a bakin kogi, suna ba sarakunan da suka ratsa ƙasarsu gaisuwa don a bar su su wuce lafiya. Ta arewa kuwa raƙuma ne ke haɗa Kano da Agadas da Gat har Tarabulus. Mai niyyar aikin hajji yakan nufi gabas a ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur, wani ya shekara da shekaru kafin ya ga Bahar Maliya, wani ma ya zauna a Sudan ke nan.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan hanyoyi sun bazu ne ta kowace fuska, gabas da yamma, kudu da arewa, domin bukatar mutanen ƙasa ce ta shata su.

Dalilin shimfiɗa dogo

Dogon farko ya taso ne daga Ikko, ya isa Badun a 1901, ya kai Jabba a bakin Kwara a 1909. Gwamnatin Arewa ta Turawa ba ta so ta dogara da tashar Ikko kaɗai ba, saboda haka ta tsara nata layin daga Baro, inda jiragen ruwa ke iya zuwa idan Kwara ta cika, zuwa Kano. An fara aikin a 1907 a zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne. Tsawon layin mil 350 ne da 'yan kai, kuma ya iso Kano a 1911. A 1912 aka sada shi da layin Ikko a Minna, aka haɗe hukumomin biyu suka zama ɗaya. Da yake ba a riga an gama gadar Jabba ba, a 'yan shekarun farko sai an ɗora taragu a kan jirgin fito an haye da su.

Talakawa ne suka yi wannan aiki da hannunsu. Ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa tara leburori, ƙauye ƙauye, galibi ba da son ransu ba, su bar gonakinsu su je su yi makonni suna sarar ƙasa. Daga nan ne kalmar diga ta shiga bakin Hausawa, har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya yi waƙa a kan wannan al'amari, wadda aka sani da Waƙar Diga. Ladan da aka biya su da tsabar kuɗin Turawa ya taimaka wajen ture wuri daga kasuwa.

Turawa ba su ɓoye nufinsu ba. Masaƙun Lankasha a Ingila suna neman auduga, kuma an yi zaton ƙasar Kano da Zazzau za su wadatar da su. Amma manoman Kano, da taimakon dillalai irin su Alhassan Ɗantata, suka ga gyaɗa ta fi riba. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ba ta kai tan 3,000 ba a 1912, sai ga ta ta haura tan 19,000 a 1913. Sauran rassan dogo duk sun bi sawun kaya ne. An yi wani siririn layi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru saboda kuza, aka gama shi a 1914, aka rufe shi a 1957. Layin gabas ya taso daga Fatakwal zuwa Inugu a 1916 saboda kwal, ya haɗu da Kaduna ta Kafancan a 1927, aka gama gadar Makurɗi a kan Binuwai a 1932. Reshen Zariya zuwa Gusau da Ƙaura Namoda ya kammala a 1929, na Kano zuwa Nguru a 1930, duk don gyaɗa da auduga da fatu da shanu. Na ƙarshe shi ne layin Barno, wanda ya ratsa Bauci da Gwambe ya isa Maiduguri a 1964. Jimlar dogon ƙasar duka ta kama wajen kilomita 3,500.

Duk wanda ya dubi taswira zai ga layi biyu dogaye, kowanne ya miƙe ya nufi teku. Sakkwato da birnin Katsina da Yola ba su sami dogo ba. Mutumin Kano da ke son zuwa Maiduguri a jirgi, dole ya gangara kudu har Kaduna da Kafancan tukuna, sa'an nan ya juyo arewa maso gabas. Watau dai an shata dogon ne don buhu, fasinja kuwa ya zama ɗan rakiya.

Abin da jama'a suka yi da jirgi

Duk da haka, jama'a sun ci moriyarsa ƙwarai. Tafiyar Kano zuwa Ikko, wajen mil 700, wadda a da sai an yi makonni, ta koma ta kwana biyu. Goron ƙasar Yarbawa ya riƙa zuwa arewa a tarago, abin da ya karya tsohuwar hanyar Gwanja, ya kuma kafa unguwannin Hausawa a Badun da Agege. Shanu suka riƙa tafiya kudu ba tare da sun rame a hanya ba. Kaduna ta zama hedkwatar Arewa a 1917 a maimakon Zungeru, garuruwa irin su Minna da Kafancan da Funtuwa da Gusau da Nguru suka bunƙasa a gefen tasha, Sabon Gari ya cika da akawuna da masu sana'a daga kudu. Har gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana bin dogon Nijeriya zuwa teku.

Ma'aikatan reluwe kuma sun zama ƙarfi a siyasa. Su ne ƙashin bayan babban yajin aikin 1945, wanda Michael Imoudu ya yi suna a cikinsa. A 1955 aka mai da sashen reluwe ya zama hukuma mai zaman kanta, watau Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya. Ɗalibai masu komawa makaranta, da sojoji, da ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki, duk jirgi ne abin hawansu, kowa da ajin da aljihunsa ko muƙaminsa ya ba shi.

Yadda al'amari ya lalace

Dalilai huɗu ne suka taru. Na farko, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yanke layin gabas, kuma ƙwararrun ma'aikata da yawa sun bar Arewa tun rikicin 1966. Na biyu, kayan da ke ciyar da jirgi suka ƙare. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 sun kawar da dalar gyaɗa daga Kano, haƙar kuza ta ja baya, man fetur kuwa, wanda ya zama dukiyar ƙasa, bututu yake bi. Tun asali ribar kaya ce ke rufe asarar ɗaukar fasinja, saboda haka da kaya suka tafi sai asarar ta fito fili.

Na uku, shi kansa dogon tsohon yayi ne. Faɗinsa ƙafa 3 da inci 6, layi ɗaya ne tal wanda sai jirgi ya tsaya a tasha ya jira ɗan'uwansa ya wuce, ga kwana-kwana da hawa da gangara da aka bari don rage kuɗin gini. Irin wannan dogo ba ya ba da damar gudu. Na huɗu, kuɗin mai ya koma kan titi. Aka shimfiɗa kwalta, fetur ya yi arha, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, fijo ta zama sarauniyar tasha. Mai gaggawa ba zai zauna jiran jirgin da ba a san lokacin zuwansa ba, alhali ga mota tana lodi.

An yi ƙoƙarin gyara. Daga 1979 zuwa 1982 an damƙa ragamar hukumar ga ƙwararru daga Indiya, abubuwa suka ɗan farfaɗo, amma suna tafiya aka koma gidan jiya. Faɗuwar darajar naira bayan 1986 ta sa kayan gyara sun yi tsada, aka sallami dubban ma'aikata. A 1995 aka ba wani kamfanin Sin, CCECC, kwangilar gyaran dogo da kawo taragu, amma farkon shekarun 2000 ya tarar da jirgin fasinja ya kusa ɓacewa. Sai a Disamba 2012 aka sake tayar da jirgin Ikko zuwa Kano, tafiyar da kan ci fiye da awa 30, kuma daga baya ita ma ta yi ta tsayawa tana tashi.

Mota da jirgin sama

Da jirgi ya janye, mota ta ɗauki nauyin kusan kowa da komai. Tashoshin mota suka koma hannun ƙungiyar direbobi da 'yan kamasho, manyan safa-safa suka riƙa tashi da dare daga Sabon Garin Kano zuwa Ikko da Anaca, jihohi kuma suka kafa nasu kamfanonin sufuri, musamman bayan shirin sauƙaƙa zirga-zirga na 1988. A wannan shekara ce kuma aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra, domin asarar rayuka a kan titi ta kai inda ba a iya kau da kai. Kayan da ya kamata dogo ya ɗauka, siminti da taki da mai da hatsi, suka koma kan tirela da tanka, su kuwa suka farfasa titin da fasinja ke bi. Daga baya 'yan fashi da masu garkuwa da mutane suka addabi wasu manyan hanyoyi, musamman ta Abuja zuwa Kaduna. Janye tallafin mai a Mayu 2023 kuma ya ninka kuɗin mota.

Jirgin sama ya fara sauka a Kano tun 1925, kuma shi ya mai da tafiyar hajji ta zama ta 'yan awoyi. Amma kamfanin jiragen sama na ƙasa ya durƙushe a farkon shekarun 2000, kuma kuɗin tikiti bai taɓa saukowa inda malamin makaranta ko ƙaramin ɗan kasuwa zai kai ba.

Sabon dogo

A Yuli 2016 aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, a kan faffaɗan dogo na ƙafa 4 da inci 8 da rabi, wanda aka gina da rancen ƙasar Sin. Na Itakpe zuwa Warri, wanda aka fara tun 1987, ya biyo baya a 2020, sai na Ikko zuwa Badun a 2021. A 2021 ɗin kuma aka aza harsashin layin Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi ta Katsina, wanda aka shata a kan wata tsohuwar hanyar fatake da Turawa suka tsallake.

Jirgin Abuja ya cika maƙil, amma babban abin da ya cika shi tsoron titi ne, har manyan ma'aikata da hafsoshi suka riƙa ajiye motocinsu suna neman tikiti. A daren 28 ga Maris 2022 'yan bindiga suka fasa dogon da nakiya a yankin Katari, suka kashe mutane, suka tafi da fiye da 60. Na ƙarshensu ba su dawo gida ba sai a Oktoba, jirgin kuma bai ci gaba da aiki ba sai a Disamba. Wannan ya nuna cewa lafiyar dogo tana tare da lafiyar dajin da ya ratsa.

Kammalawa

Darasi uku ke cikin wannan tarihi. Na ɗaya, jirgin fasinja bai taɓa riƙe kansa da kuɗin tikiti kaɗai ba. Sabon layin da bai sadu da tashar jiragen ruwa da masana'antu da kasuwannin hatsi ba, kafaɗar baitulmali zai hau, ga kuma bashin da za a biya. Na biyu, rashin gyara ne ya kashe tsohon dogo, kuma sabon ma ba zai tsira ba idan kasafin kuɗi ya tanadi bikin buɗewa ya manta da kayan gyara da horar da makanikai. Na uku, taswirar da Turawa suka bari ta teku ce, alhali yawancin tafiye-tafiyen mutanen Arewa tsakanin garuruwansu ne, daga Sakkwato zuwa Kano, daga Kano zuwa Maiduguri, daga Gwambe zuwa Yola.

Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon gina dogo da tafiyar da shi, abin da a da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke da shi. Ke nan shawarar inda layi zai bi ta sauko ofisoshin da masu karanta wannan lacca ke aiki, ko za su yi aiki nan gaba. Kafin a sa hannu a kan kowace kwangila, ya kamata a sami amsar tambayoyi uku a rubuce: wane kaya jirgin zai ɗauka, wa zai biya kuɗin gyaransa bayan shekara goma, kuma nawa ɗalibi zai biya ya je gida hutu.