Ciwon Damuwa Bayan Haihuwa da Hanyoyin Magance Shi: Nazari Kan Al'adar Jego a Chikaji, Zariya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba matsayin al'adar jego wajen kula da matan da ciwon damuwa ke kamawa bayan haihuwa, tana mai kafa hujja da cewa ranar arba'in, wadda a cikinta ake janye hidima daga mai jego, ita ce mafi cancantar lokacin da za a binciki halin zuciyarta.

Jego da iyakarsa

Duk wanda ya san gidajen Chikaji, da makwabtansu na Sabon Gari da Samaru, ya san mai jego ba ta rasa masu hidima, domin kuwa tun daga ranar sauka gwaggo ko kaka ke tsaye a kanta, ana dafa ruwa safe da yamma ana fyaɗa mata da ganyen darbejiya, ana dama mata kunun kanwa, har a yi suna, har a cika arba'in. Likitocin Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe da nazarin wannan al'ada, tun lokacin da Davidson da Parry suka wallafa bincikensu a 1978, inda suka danganta ciwon zuciyar masu jego a Zariya da yawan kanwa da tsananin zafin wanka. Amma hankalin masu bincike, kamar na tsofaffin gida, ya fi karkata ga jiki. Idan mace ta ƙaurace wa abinci, barci ya gagare ta ko da jariri ya yi nasa, tana kuka ba dalili, sai a ce kunyar ɗan fari ce, ko iska, ko kuwa rashin godiya ga ni'imar Allah, wanda shi ne mafi munin hukunci.

Alhali magabata ba su jahilci wannan larura ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rarrabe tsakanin baƙin cikin da ke da sanannen sababi da wanda ke faɗa wa mutum ba sababi, ya kuma ce na biyun yana buƙatar magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 20 cikin 100 na masu jego a ƙasashe masu tasowa suna fama da larurar ƙwaƙwalwa, galibi damuwa.

Hanyoyin magani

Ƙuncin kwanakin farko yakan wuce da kansa cikin mako biyu. Wanda ya zarce haka shi ake nema. Ma'aunin Edinbara na 1987, wanda ake gano ciwon damuwa bayan haihuwa da shi, tambayoyi 10 ne kacal, kuma da yake rigakafin mako shida yana zuwa daf da arba'in, lokacin da dangi suka watse mace ta koma ga girki da miji, babu abin da zai hana ma'aikaciyar asibitin unguwa ta yi wa uwa waɗannan tambayoyi bayan ta gama da jariri. Binciken Rahman a karkarar Rawalpindi ta Pakistan a 2008, da na Gureje a Jihar Oyo a 2019, sun nuna cewa ma'aikatan matakin farko, in an horar da su, suna iya jinyar irin wannan mace ta hanyar zama da ita da tattaunawa. In abin ya yi tsanani, likita kan rubuta magani irin su sertraline, wanda kaɗan ne daga cikinsa ke shiga nono, don haka ba a yaye yaro saboda shi.

Addu'a da tofi ba sa karo da wannan, matuƙar malamin ya san haddinsa. Amma macen da ta rikice, tana jin muryoyi, ko tana ambaton hallaka kanta ko ɗanta, wajibi ne a kai ta sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, a ranar, ba tare da an bar ta ita kaɗai da jariri ba. Tunda izinin fita da kuɗin mota a hannun maigida suke, shi ya kamata a fara sanar da waɗannan alamomi tun lokacin awon ciki.