Gyaran gangar Auzinawa: tarihin motar da ke zafi bayan an gyara mata lagireto

1/ Jama'a ku matso, yau zaren tarihi ne amma na gareji. Me ya sa za ka kai mota a wanke lagireto, a canja famfon ruwa, ka biya kuɗinka cas, ka fito ko kilomita goma ba ka yi ba allurar zafi ta haye ja? Amsar tana da tarihi, kuma tarihin ya biyo ta Kaduna. Ku biyo ni. 🧵

2/ Abin da ya sa na tono maganar: kawuna direban haya ne a Manga, nan ƙasar Zuru. Ya yi shekaru yana jan Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, ya sayar ya sayi 406 'yar Beljiyam. A watan Afrilu famfon ruwanta ya fara yoyo, aka canja masa sabo. Washegari ya ɗebi fasinjan Kontagora, kafin Rijau tururi ya turnuƙe bonet.

3/ Sau uku yana komawa gareji. Aka wanke lagireto, aka haɗa fanka kai tsaye, aka cire tamostat aka jefa a gwangwani. Zafi bai daina ba. Motar nan ita ce abincin gidansa, kuma in gasket ya ƙone kuɗin gyara zai cinye aikin wata guda ko fiye. Makanikensa ba mugu ba ne, ba kuma jahili ba. A kan wata mota daban ya koyi sana'a.

4/ Mu fara daga tushe. Man da inji ke ƙonawa, kusan kashi ɗaya cikin uku na zafinsa ta ruwa da lagireto yake fita. Motocin farko a Turai tafasa ruwa kawai suke yi, direba na tafe yana ƙari. A 1901 Wilhelm Maybach ya sa wa Mercedes ta farko lagireto mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, iska na ratsawa tana sanyaya ruwa. Daga nan aka samo fasalin da muka sani.

5/ Ford Model T ta Amurka, wadda aka ƙera daga 1908 zuwa 1927, yawancinta ko famfon ruwa ba ta da shi. Ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, sai ya hau sama ya shiga lagireto, ya huce ya sauko. Inji ne ƙarami mai tafiyar hawainiya, wannan ya ishe shi.

6/ Da injuna suka ƙara ƙarfi sai aka ƙaro abubuwa uku. Famfo mai tura ruwa. Tamostat, wato ƙofar da ke rufe hanyar lagireto har inji ya yi ɗumi. Irin mai kakin da ke narkewa ya buɗe ƙofar, Sergius Vernet ne ya fito da shi a shekarun 1930. Sai murfi mai sifirin da ke riƙe matsi.

7/ Murfin nan ku riƙe shi a ka. Ruwa a tukunya yana tafasa a digiri 100. In ka kulle shi da matsin da murfin lagireto ke riƙewa, sai ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Ke nan murfi mai mataccen sifirin ko tsagaggiyar roba shi kaɗai ya isa ya sa lafiyayyar mota amai a hawan dutse.

8/ Yanzu mu dawo gida. A 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, kamfanin Peugeot Automobile Nigeria ya fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna. A shekarar kuma Volkswagen ta fara haɗa Beetle a Legas, wadda Yarbawa ke kira ijapa, wato kunkuru. Ita Beetle ba ruwanta da lagireto, iska ce ke sanyaya ta. Amma Arewa Fijo ta zaɓa.

9/ 504 ta fito a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. Kada ku raina ta don kun gan ta ɗauke da buhunan dawa. A 1975 Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da ita. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya sake ci da 'yar uwarta ta tsere, 504 Coupé mai silinda shida, ya kuma ci na Bandama a Kwaddibuwa.

10/ Wato motar da iyayenmu suka hau daga Zuru zuwa Yawuri ko Sakkwato, an gwada danginta a ƙura da rana da laka ta Afirka. Faransa ta daina ƙera salun ɗin a 1983, Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Salun ta ma'aikata, wagon ta tasha, a-kori-kura ta kasuwar ƙauye.

11/ Ga sirrin haƙurinta. Lagireton tagulla ne, in ya fashe mai walda ya liƙe. Murfinsa na can sama, ya fi ko'ina tsawo, don haka in ka zuba ruwa iska da kanta take fita. Bel ne ke juya fanka. Kafireto ce ke ba da mai, babu kwamfutar da ke tambayar zafin inji. Ƙarƙashin bonet fili ne, yaron gareji zai iya zura hannu ko'ina.

12/ A kan wannan mota kanikawanmu na Kaduna, Kano, Zariya, Kontagora da Zuru suka koyi aiki, maigida ya koya wa yaro, yaro ya koya wa nasa yaron. Dokokin da suka gada uku ne: cire tamostat don na ƙasar sanyi ne, sa fanka ta yi ta juyi kullum, zuba duk ruwan da ka samu. Fijo ta shanye duka ukun ba ta mutu nan take ba, sai kowa ya ɗauka dokar daidai ce.

13/ Sai 1986 ta zo. Gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin SAP, a watan Satumba aka saki naira a kasuwar canji, darajarta ta faɗi. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Tsofaffin motocin Turai suka fara kwararowa ta Legas da Kwatano. Yarbawa suka ce tokumbo, mu muka ce Beljiyam.

14/ Golf, 406, Sharan da ire-irensu suka cika tashoshi. Waɗannan tsarinsu daban ne. Lagireton alminiyam da roba, ba ya son walda. Murfi ya koma kan wani tulun roba a gefe. Fanka ta lantarki ce, na'urar jin zafi ke tada ta. Mai kuma kwamfuta ke aunawa gwargwadon zafin ruwa. Mota ta canja, dokokin gareji suna nan yadda suke.

15/ Babban abin da ke kama mutane bayan gyara shi ne iska. Ka kwance tiyo ko famfo, ruwa ya zube, iska ta maye gurbinsa. A sababbin injuna akwai lungunan da suka fi bakin zuba ruwa tsawo, iska ta maƙale a nan. Famfo ba ya tura iska. Tamostat in iska ta kewaye shi ba ya jin zafin da zai buɗe. Tulu a cike, kan inji a bushe.

16/ Shi ya sa Peugeot ta sa wa 406 ƙananan sukurori na fitar da iska. Ana buɗe su inji na sanyi, a kafa gorar roba da aka yanke gindinta a bakin tulu don ruwa ya yi tsawo, a yi ta zubawa har ruwa ya fito ba kumfa, sannan a ɗaure. Aikin minti ashirin ne. A motar kawu babu wanda ya taɓa sukurorin nan, domin 504 ba ta koya wa kowa neman su ba.

17/ Maganar cire tamostat fa? Hujjar ita ce Najeriya da zafi. To amma inji yana aiki ne a wajen digiri 80 zuwa 90, ko a Zuru ko a Jamus. Ranar Afrilu mai digiri 40 ma sanyi ce a wurinsa. Lafiyayyen tamostat in zafi ya kai a buɗe yake, ba ya tare komai.

18/ In ka cire shi, a injuna da yawa ka bar wata gajeriyar hanya a buɗe, wadda shi ne ke toshe ta, sai wani ruwan ya riƙa zagaye inji bai je lagireto ba. Da asubar hunturu kuma inji ya daɗe bai yi ɗumi ba, kwamfuta ta yi ta ƙara mai, bakin mai ya lalace da wuri. Mafi muni, ainihin ciwon yana nan ka rufe shi da zane.

19/ Ruwan rijiya da na leda kuma sannu suke kisa. Ku duba cikin butar shayin da ta daɗe, farin dasashin nan shi ke toshe siraran bututun lagireto. Ruwa zalla yana sa tsatsa, yana cin alminiyam. Ruwan kulant da ake cewa na ƙanƙara ne, tun shekarun 1920 ake sayar da shi a Amurka don sanyi, gaskiya ne. Amma a cikinsa akwai maganin tsatsa, kuma yana ɗaga zafin tafasa. Wannan ɓangaren namu ne.

20/ To in taka ta yi zafi bayan gyara, kada ka yarda a fara da kwance kan inji. A bi daga mai arha zuwa mai tsada. Na ɗaya, iska: an fitar? Alamarta allura na hawa da sauka, tiyon sama zafi na ƙasa sanyi, kana jin ƙugin ruwa bayan dashbod. Na biyu, murfi: nata ne ko na wata mota aka ɗora?

21/ Na uku, tamostat: yana nan? An sa shi daidai? Ɓangaren sifirin da kaki inji yake kallo. In kana shakka jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta, kafin ruwa ya tafasa ya kamata ya buɗe. Na huɗu, fanka: in an juya wayoyinta baya take hurawa. Sa takarda a gaban lagireto, ya kamata ta manne.

22/ Ka lura da lokacin da zafin ke zuwa, wannan ya fi rabin bincike. In a cunkoso ko a tsaye take zafi, kana hawa titi ta huce, zargi fanka. In a tsaye lafiya, kana taka ta a doguwar hanya ko hawan dutse ta hau, zargi toshewar lagireto, sakakken bel, ko famfo na jabu. Wasu famfunan fiffikensu na roba ne, ya kan saki ƙarfe na juyi shi yana tsaye.

23/ Masu tsohuwar Fijo, naku ƙarin guda ne: in an taɓa distirbuto lokacin gyara, wuta ta koma tana makara, inji zai yi zafi ko da ruwa lafiya. Sannan lagireton da aka yi ta toshe bututunsa ɗaya bayan ɗaya wajen walda, girmansa na nan amma aikinsa ya ragu.

24/ Sai na ƙarshe, gasket. Alamominsa: kumfa na tasowa a tulu ba ƙaƙƙautawa, tiyo ya yi tauri jim kaɗan da tada inji, farin hayaƙi a salansa, bakin mai ya koma kalar shayi da madara. Kan silinda na alminiyam ne, har a 504, zafi na lanƙwasa shi. Sabon gasket a kan lanƙwasasshen kai ba zai daɗe ba. A auna, a goge, a ɗaure kusoshi bi da bi da sifana mai awo.

25/ Biyu don lafiyar jikinku. Kada ka buɗe murfi inji na zafi. Ruwan ya wuce digiri 100, matsi ne ya hana shi tafasa, kana buɗewa zai yi tsalle fuskarka. Kada kuma ka kwara ruwan sanyi a cikin injin da ya tafasa, ƙarfe na iya tsagewa. Ka faka, ka kashe, ka jira. Fasinja su yi ta mita, gara mitarsu da sayen inji.

26/ Kawu dai Allah ya taimake shi, yana ganin allura ta hau yake kashewa, gasket bai ƙone ba. Wani matashin makanike da ya yi aiki a kan 406 a Kaduna ya mayar da sabon tamostat, ya mayar da fanka kan na'urarta, ya buɗe sukurori. Iska ta yi ta fita da tsaki kafin ruwa ya biyo. Tun daga ranar motar na zuwa Kontagora tana dawowa.

27/ Tsohon makanikensa yana tsaye yana kallo. Da aka gama ya ce, "Yaro, sake nuna mini inda suke." Mutumin da ya riƙe Fijo da rai shekaru da waya da walda, ba littafi ba na'ura, bai ji kunyar tambaya ba. Ni wannan ya fi burge ni a duk labarin.

28/ Kai mai mota, ke mai mota, in za a taɓa muku ruwa ku tsaya a wurin ku yi tambaya uku: an fitar da iska? Ina tamostat ɗina? Wane ruwa aka zuba? Masu Golf da 406 na layin Zuru, da waɗanda suka gaji 504 a gida, ku faɗa mana a ƙasa abin da aka taɓa cire muku da sunan gyara. Ku tura wa direban gidanku ma ya karanta.