Daga Ɗakin Kaka Zuwa Hannun 'Yar Aiki

Sai a zamaninmu ne jinyar tsoho ta zama aikin mutum ɗaya a bayan rufaffiyar ƙofa. A da, a ƙasar Hausa, aikin gida guda ne, kuma a bainar jama'a ake yin sa. Ina faɗin haka ne a matsayin wadda ta yi aikin jinya a asibiti har ta ajiye farin kaya, kuma har yau ake aiko mata a ce ta zo ta duba Hajiya ko Baba da ke kwance a gida. Mutane kan ce mutanen da sun fi mu tausayi. Ni ban yarda cewa tausayin ne ya ragu ba. Abin da ya ragu shi ne idanun da ke kan tsoho, kuma tarihin yadda idanun nan suka watse shi ne tarihin jinyar gida a wurinmu.

Tushen abin gandu ne. Uba da 'ya'yansa maza, har waɗanda suka yi aure, suna noma gona ɗaya, a tara a rumbu ɗaya. Su yi aikin gandu daga safe zuwa azahar, da yamma kowa ya nufi gayaunarsa. Uba ne ke biyan haraji, shi ke sayen fartanya, shi ke yi wa ɗa auren fari. Idan ƙarfinsa ya ƙare, ba ya sauka daga kan mulkin gida. Yana zaure yana tufkar igiya, kuma ba a buɗe rumbu sai da izininsa. Tsohon da gona ke hannunsa ba a wasa da cikinsa. Polly Hill, Baturiyar da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta lura cewa gandun masu hali ya fi ɗorewa, 'ya'yan talaka kuwa su suka fi saurin warewa. A Ɗorayi ta Kano ma ta tarar da manyan gidajen da mutanen cikinsu suka haura ɗari. A irin wannan gida, yaya za a yi tsohuwa ta wuni ba wanda ya leƙa ta?

Addini ya ɗaure abin da al'ada ta kafa. Duk wanda ya zauna makarantar zaure ya san ayoyin Suratul Isra'i game da iyayen da tsufa ya riska a hannun 'ya'yansu. Risala ta Ibn Abi Zaid ta wajabta wa mai hali ciyar da iyayensa matalauta, Muhtasar na Halilu kuma ya haɗa har da nauyin mai yi musu hidima. Ke nan ɗaukar wanda zai kula da iyaye ba baƙon abu ba ne a fiƙihunmu, ba kuma saɓa musu ba ne. Biyan kuɗin dai bai taɓa sauke wa ɗa nauyin sa ido ba.

Na tashi na tarar da ragowar wannan tsari a gidanmu, a cikin birni. Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Inna, ɗakinta na daf da madafi, ƙofarsa na kallon tsakar gida. Ba wanda zai je rijiya ko ya nufi zaure bai gitta ta gabanta ba. Da asuba matar babban baffanmu ke kai mata ruwan ɗumi a buta. Mai girki ta aika da kunun kanwa kafin kowa ya karya. 'Ya'yanta maza su shigo gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, su durƙusa a bakin ƙofa, ita kuwa ta kan riƙe hannun kowa ta ji ko da zazzaɓi, alhali ita ake dubawa. Da hantsi a fito da ita inuwa da mazarinta da audugarta, tana kaɗi tana sayar da kuka da daddawa ga yaran maƙwabta. Da daddare ni ce 'yar kwanan ɗaki. Ni ke miƙa mata fo, ni ke tausa mata ƙafa da man kaɗanya, a hunturu kuma a shigo mana da kaskon wuta. Ranar da ta rage cin tuwo, kafin la'asar duk gidan ya sani, har an aika a faɗa wa 'yarta da ke aure a wata unguwa. Babu takarda, babu awon jini, amma a wuni guda mutum fiye da goma ya gan ta ido da ido. Wanda ya yi mata tsawa, sai dai ya yi a gaban kishiyoyi da jikoki, kuma kafin dare magana ta kai zaure.

Wanda bai haifa ba ma al'ada ta yi masa tanadi ta hanyar riƙo. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan wasu sun zama nata. Yarinyar da aka ba gwaggo ko kaka tun tana ƙarama, ita ce sandar tsufanta.

Sai dai tsarin yana da nasa duhu, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. A gidajen sarauta da na attajirai, bayi da kuyangi ne ke wankin ƙazanta da ɗagawa da kwantarwa. Dokar Turawa ta 1901 ta 'yanta duk wanda aka haifa bayan ƙarshen Maris na shekarar, amma ba a soke bauta baki ɗaya a Arewa ba sai 1936. A gidan talaka nauyin kan faɗa kan matar ɗa, ko bazawarar da ta dawo gida, ko ƙaramar yarinya, ba tare da an tambayi ra'ayinsu ba. Tsohuwar da ba ta da ɗa, ba ta da gona, ba ta da dangi na kusa, ƙarshenta bara a ƙofar masallaci. Wadda tsufa ya ruɗa kuwa, tana surutai tana fita cikin dare, sau da yawa mayya ake ce mata, ba mara lafiya ba. Gidan gajiyayyu irin na Shahuci a Kano na waɗanda ba su da kowa ne, shi ya sa har gobe kai uba can abin gori ne da ba ya wankuwa.

Rushewar gandu ba rana ɗaya ta faru ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, haraji ya koma na tsabar kuɗi, saurayi ya gane zai iya samun na kansa ba tare da jiran rumbun uba ba. Cin rani ya tsawaita. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, ta ja samari daga ƙauyuka. Kuɗin mai da ƙarin albashin Udoji na 1974 suka sa aikin gwamnati ya fi gona daraja. A 1976 aka ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowa, alheri ne babba, amma jikar da ke wuni a gindin kaka ta koma aji. Bayan an mayar da babban birnin tarayya Abuja a 1991, sai ga 'ya'ya a can, iyaye a nan. Manyan gidajen gado aka raba, aka sayar, aka gina ɗaki biyu da falo mai ƙofar ƙarfe, inda maƙwabci ba ya shigowa sai ya buga waya.

A daidai lokacin da hannaye suka ragu, jinyar kanta ta ƙara nauyi. A da, wanda ɓarin jikinsa ya shanye ba ya daɗewa. Yau asibiti na ceto shi, a sallame shi da robar fitsari, da maganin hawan jini, da allurar ciwon suga, ya yi shekaru a kwance. Wannan jinya tana buƙatar sani. Wanda ba ya iya motsi dole a riƙa juya shi kusan duk bayan awa biyu, in ba haka ba fata ta mutu a inda ƙashi ke danne katifa. Wanda haɗiya ke yi wa wuya ba a ba shi kunu yana kwance, don yana iya ƙwarewa ya wuce huhu. Mai ciwon suga da aka yi wa allura bai ci abinci ba yana iya suma. Tayil ɗin banɗaki da muke alfahari da shi ya karya ƙugun tsofaffi da yawa. Inna ba ta buƙaci ko ɗaya daga cikin wannan ilimi ba, iyayenmu na yau kuwa rayuwarsu a kansa ta rataya.

Haka sana'ar jinyar gida ta shigo mana, ba shiri. Wani gidan 'yar aiki ake ɗauko wa daga ƙauye ta hannun dillaliya, wani gidan ma'aikacin lafiya ne ke biyowa bayan ya tashi daga aiki, a Legas da Abuja kuma kamfanoni sun buɗe suna tura masu kula da tsofaffi ana biya wata-wata. Na taɓa shiga wani gida mai kyau, an kira ni don Hajiya ta daina magana kuma jikinta da zafi. Ɗakin fes, ga turaren wuta, ga na'urar sanyaya ɗaki. Yarinyar da ke kula da ita ba ta wuce shekara goma sha huɗu ba, ita ke shara, ita ke wanke-wanke, ita ke kwana a ƙasa kusa da gado. Da na ce a taya ni mu juya ta, sai ga gyambo a ƙasan bayanta, faɗin tafin hannu, har ya fara wari. Yarinyar ta ga jan tun yana ƙarami, ta riƙa shafa masa hoda. Ba wanda ya taɓa ce mata a juya mara lafiya. Magunguna kuwa duk a leda ɗaya, da kalar ƙwaya take gane su, don ba ta karatu. 'Ya'yan Hajiya ba su gaza da kuɗi ba, kullum suna kira a waya, kullum ana ce musu da sauƙi. Ba wanda ya ɗaga zani ya duba. Ban ga mugunta a gidan nan ba, jahilci da kaɗaici na gani, kuma illarsu ɗaya da ta mugunta.

Akwai kuma muguntar ta gaske. Yau da gobe sai Allah: mai jinyar da ba ta barci, ba ta hutu, ba a biyanta a kan kari, wata rana za ta yi tsawa, wata rana ta kai hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama yana fuskantar wani nau'in cin zarafi a cikin al'umma a shekara guda, kuma sau da yawa daga na jikinsa ne. Katin cirar kuɗin fansho da ke aljihun wani yana cikin wannan lissafi.

Waɗanda suka riga mu mayar da abin sana'a ma da tuntuɓe suka koya. A Ingila, wani attajirin Liverpool, William Rathbone, ya fara tura ma'aikaciyar jinya gidajen talakawa a 1859, bayan ya ga amfaninta a jinyar matarsa, kuma ya nemi shawarar Florence Nightingale kan horar da wasu. Duk da wannan daɗewa, sai a 2003 aka fara tilasta wa kamfanonin kula da mutane a gida yin rajista da karɓar masu bincike. A 2011 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta fitar da rahoton da ya nuna ana barin wasu tsofaffi ba ci ba wanka, ana yi musu ziyarar minti 15. Daga 2022 da Birtaniya ta buɗe bizar wannan aiki zuwa 2025 da ta rufe ta ga masu nema daga waje, 'yan Najeriya da dama sun tafi, kuma can ba a barin su su taɓa tsoho sai an binciki tarihinsu an koya musu ɗagawa da ba da magani.

A nan gida an fara motsi, ko da yake a makare. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi a 2012. An yi dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2017, ta fara aiki a 2021, kuma ta ɗauki batun horar da masu wannan aiki da tsara musu ƙa'ida. Amma tsakanin ofis a Abuja da ɗakin Hajiya a Kurna ko Tudun Wada akwai tafiya. Ma'aikaciyar jinya tana da hukumar da ke ba ta lasisi ta kuma ƙwace, mai kula da tsoho a gida kuwa yawanci ba wanda ya san da ita sai dillaliyar da ta kawo ta.

Gandu ba zai dawo ba, kuma ba na fatan a cire yarinya daga makaranta don ta riƙe fo. Abin da za mu iya dawo da shi shi ne idanun. Duk mai tsoho a kwance, ya ɗauki babba mai hankali, ba yarinya ba, ya san gidansu da wanda ya tsaya mata. Ya kai ta wurin ma'aikaciyar jinya a koya mata juyawa da ciyarwa da tsafta. A rubuta magani da lokacinsa a manna a bango. A biya ta haƙƙinta a kan kari, a ba ta ranar hutu. A raba kwanakin mako tsakanin 'ya'ya da jikoki, kowa ya zo ba tare da ya sanar ba, a bar maƙwabta su shigo gaisuwa. Wanda ya zo kuma kada ya tsaya a bakin ƙofa yana tambayar ya jiki. Ya shiga, ya zauna, ya ga abin da aka ci, ya duba baya da ƙugu da dugadugai da idonsa. Hukumomin lafiya na jihohi su yi wa masu wannan sana'a rajista da horo, malamai kuma su faɗa a kan mumbari cewa aika kuɗi kaɗai bai sauke haƙƙin iyaye ba.